Yadda za ka karɓi haƙƙinka idan an sayar maka da kayan da ba shi aka siffanta maka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani, ƙanwata ce ta ga shadda a status ɗin wata mai saida kaya a WhatsApp, an rubuta Getzner ce asali, ta tura kuɗin yadi biyar har da na mota, kaya ya iso, wanki ɗaya ƙyallin ya tafi ta koma kamar tsumma. Ta kira matar, matar ta ce ai ita ba ta taɓa cewa asali ba ce, cewa ta yi "irin Getzner". Status kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ƙanwar tawa ba ta ɗauki hotonsa ba. Ta yi kukanta ta ce na bar ta da Allah. Raina ya ɓaci sosai, domin da a ce ta ajiye wannan hoton guda ɗaya tal da maganar ta canza.

Mutane da yawa ba su san akwai doka a kan wannan a Najeriya ba. Sunanta a taƙaice FCCPA, dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda ta gaji tsohuwar hukumar CPC. Kuma tun kafin dokar gwamnati addininmu ya riga ya yi magana, kowa ya san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Malaman fikihu ma sun yi bayanin cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya ga aibin da aka ɓoye masa. Don haka wanda ya nemi haƙƙinsa bai yi rashin tawakkali ba, bai kuma yi rashin kunya ba.

Mataki na farko, ka fara gane ko abin da ya same ka yana cikin abin da doka ta hana, saboda ba kowane cinikin da ka yi nadamarsa ba ne yaudara. In ka sayi atamfa ka je gida uwargida ta ce kalar ba ta yi mata ba, wannan sai dai roƙo. Abin da doka ta hana shi ne a siffanta kaya da abin da ba shi ba. Sashe na 116 ya yi magana kan rubutun da ke jikin kaya ko kwali ko talla: yawansa, nauyinsa, kamfanin da ya yi shi, ƙasar da aka yi shi, abubuwan da aka haɗa shi da su. Kenan buhun da aka rubuta kilo 50 ka ɗora a sikeli ka ga 46, ko shinkafa 'yar gida da aka juye a buhun 'yar waje, ko zumar da aka ce zalla ce alhali rabinta sukari ne aka dafa, ko farantin sola da aka manna masa wat 300 alhali bai kai ba, duk sun shiga. Sashe na 117 ya ce in kaya na hannu ne ko gyararre ne dole a bayyana a fili. Sashe na 115 ya ce ba a karɓar kuɗi sama da farashin da aka manna, kuma a kan irin wannan ne FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja a watan Fabrairun 2024, farashin kan kanta daban na wajen biya daban. Wanda ya fi burge ni shi ne sashe na 125, domin bai tsaya kan ƙaryar baki kawai ba, ya haɗa da mai kayan da ya ga ka fahimci abu ba daidai ba ya yi gum bai gyara maka ba. Wato ka ce masa "wannan sabuwa ce ko?" ya yi murmushi ya ce "kai dai Alhaji ka ɗauka za ka ji daɗinta", alhali ya san an buɗe ta an canza mata sikirin, to wannan shirun nasa ma laifi ne. Kuma dokar ba kaya kaɗai ta shafa ba, har aiki: makanike, tela, mai haɗa sola, kamfanin tafiye-tafiye da ya ce otal ɗin yana kusa da Harami ka je ka tarar sai ka hau mota.

Mataki na biyu shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, kuma tun kafin ka biya kuɗi ake yin sa. Ka mayar da maganar baki ta zama rubutu. Mu cinikinmu na amana ne, "wallahi asali ce", "in ta ba ka matsala ka dawo da ita", a yi musabaha a rabu, ranar da matsala ta zo kuma kowa ya ce ba haka ya faɗa ba. To ga yadda za ka yi. In a kasuwa ne ka nemi rasit, kuma kar ka yarda da rasit ɗin da aka rubuta "waya 1" da kuɗi kawai, ka ce ɗan uwa don Allah rubuta min sunanta da lambarta, ka rubuta sabuwa ce ko ta hannu, ka sa kwanan wata da garantin da ka ce ka ba ni. In waya ce ka danna *#06# lambar IMEI za ta fito, ka duba ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta ta a rasit. Masu sayen iPhone ku shiga wajen bayanin waya ku duba lambar samfurin, in ta fara da M sabuwa aka sayar da ita daga kamfani, in F ce gyararriya ce, in N ce ta musanya ce. In mai shago ya ce shi ba shi da rasit, ba komai, ka tura masa saƙo a WhatsApp kana tsaye a gabansa: "Na sayi batirin sola 200Ah sabo a wajenka yau kan kuɗi kaza, ka ce garantin wata shida, haka ne?" Ya amsa da "eh haka ne". Shikenan ka samu abin riƙewa. Wanda ya ƙi rubutawa ya kuma ƙi amsa saƙo, ni dai shawarata ka mayar da kuɗinka aljihu ka ƙara gaba, ai ya riga ya faɗa maka gaskiyar kayansa.

In a intanet ne, Instagram ko TikTok ko Facebook ko status, ka ɗauki hoton sikirin na tallar tun kafin ka yi magana da su, yadda sunan shafin da farashi da bayanin kayan za su fito a ciki. Ki tambaye ta a rubuce, Hajiya wannan Super Holland ce ta gaske ko kwaikwayo? Kar ki yarda da kira, in ta kira ki kun gama magana ki sake tura saƙo ki maimaita abin da ta ce. Saƙon murya ma hujja ne amma ki adana shi wani wuri don ana iya gogewa. Ku biya ta tiransifa, ku rubuta abin da kuka saya a wajen bayani, ku ajiye shaidar. Ku lura da sunan da ke kan akawun, in shago sunansa daban akawun kuma na wani can daban, ku tambayi dalili. Ranar da kaya ya iso kuma a kunna kyamara a ɗauki bidiyo tun daga ɗaurin leda har buɗewa ba tare da yankewa ba, wannan bidiyon shi ke kashe bakin "ai ke kika canza".

Abinci da magani da kayan shafe-shafe da ruwan leda su kuma a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a lura ko an kankare kwanan watan an buga wani. Wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, suna da wajen kankarewa kamar katin waya, ka tura lambar zuwa inda aka rubuta a kwalin a ba ka amsa ko na gaske ne. Wayar wuta, ƙarfen gini, siminti, taya, tukunyar gas, waɗannan hurumin SON ne, hukumar kula da ingancin kayayyaki, kayan da aka yi a Najeriya suna ɗauke da tambarinta na inganci mai suna MANCAP. Ina roƙon mu daina wasa da taya da wayar wuta, domin jabunsu ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba, rai yake ci.

To yanzu a ce abin ya riga ya faru. Mataki na uku, ka tsaya da amfani da kayan nan take. Kar ka kai wayar wajen mai gyara ya buɗe, kar ki kai sauran yadin wajen tela, kar a cinye rabin buhu sannan a ce bai cika ba. Ka haɗa kwali, leda, rasit, tambarin da ke jiki, komai wuri ɗaya. In maganar nauyi ce ka auna a gaban mutum biyu ka ɗauki hoton sikelin. In maganar asali da jabu ce ka nemi wanda ya san kayan, dila ko tsohon ɗan kasuwa a layin, ya duba maka. Kuma ka yi sauri. Sashe na 132 ya ba ka wata 3 daga ranar da aka miƙa maka kaya ka mayar da shi in bai kai ingancin da ya kamata ba, ba tare da an ci ka tara ba, mai kaya ya gyara ko ya canza ko ya dawo da kuɗi. Sashe na 122 kuma ya yi daidai da masu sayayya ta waya: in ba ka samu damar duba kaya kafin a kawo maka ba, ya zo bai dace da abin da aka siffanta ko samfurin da aka nuna ba, kana da damar ƙin karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka a mayar maka da kuɗinka. Kar ka bari sai bayan sati shida ka ce yanzu ka lura.

Mataki na huɗu, ka koma wajen mai kayan, da sallama, ba da zagi ba. Na san zuciya tana tafasa amma wanda ya fara ɗaga murya a kasuwa shi ake ba rashin gaskiya ko da shi aka cuta, kuma sau da yawa ƙaramin ɗan kasuwar shi ma a sari aka cuce shi bai sani ba. Ka tafi da mutum ɗaya mai natsuwa. Ka faɗi abu uku kawai: ga abin da ka ce min, ga abin da na samu, ga abin da nake so. Ka yanke tun daga gida ko kuɗinka kake so ko canji, kar ka je kana inda-inda. Bayan kun rabu ka tura masa a rubuce, misali: "Salam Alhaji. Ranar kaza na sayi kaza a shagonka kan naira kaza, ka tabbatar min sabo ne, ga hoton rasit da hirarmu. Na duba na ga gyararre ne. Ina neman a dawo min da kuɗina cikin kwana 7, in ba haka ba zan kai ƙorafi ga shugabannin kasuwa da FCCPC." Ba barazana, ba ashar, ba "za ka san ni waye".

Nan ne za a nuna maka rubutun nan na ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawowa da su. Kar ya tsorata ka. Wannan rubutu ba ya goge haƙƙin da doka ta ba ka, FCCPC ta sha faɗin haka, kuma a 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci kan kamfanin motocin haya na Peace Mass Transit cewa tsarinsu na ba a mayar da kuɗi ya saɓa wa wannan doka, har ta ce su biya fasinjan diyyar naira 500,000, a kan kuɗin tikitin da bai taka kara ya karya ba. Wani abu kuma, in maganar kaya mai aibi ce, sashe na 145 ya ɗora wa mai kayan nauyin ya tabbatar kayansa lafiya lau suke.

In ya ƙi, mataki na biyar, kar ka tsallake shugabannin kasuwa. Gaskiya a nan Arewa wannan ita ce hanyar da ta fi sauri. Kantin Kwari, Singa, Dawanau, kasuwar waya ta Farm Centre, ko'ina akwai ƙungiya da shugaban layi da dattawan da ke sasanta rikici, kuma ɗan kasuwa yana jin kunyar a kira shi gaban abokan sana'arsa fiye da yadda yake tsoron takarda daga Abuja. Ka je ofishinsu da hujjojinka a waya da kuma a takarda. In an yi sulhu a rubuta, a sa ranar biya, kowa ya sa hannu. A jihohin da ke da Hisbah su ma suna zaman sulhu irin wannan. Illar hanyar kawai ita ce wani lokaci za a matsa maka da "a yi haƙuri a raba asarar", to ka sani yafiya zaɓinka ce, in ka ga dama ka yafe don Allah, in ba ka ga dama ba ba wanda zai tilasta ka ɗauki rabin asarar ƙaryar da ba kai ka yi ba.

Mataki na shida shi ne hukuma, kuma a nan mutane suke ɓata lokaci saboda kai kuka gidan da ba nan ne ba. Magani, abinci, abin sha, man shafawa na bilicin, maganin gargajiya da ake tallarsa da lasifika ana cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir duk a kwalba ɗaya: NAFDAC. Kayan gini da na lantarki marasa inganci: SON. Kamfanin layin waya ya yi tallar garaɓasar data ya ba ka wani abu daban: ka fara kiran kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su warware ba ka kira 622 na NCC, hukumar kula da sadarwa, kyauta ne. Banki ya ce bashi ba ɓoyayyen caji sai ga cire-cire: ka rubuta wa bankin tukuna, in sun yi biris sai sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya (CBN). Tallar ƙarya a rediyo ko talabijin ko allon titi akwai ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Tauye mudu da sikelin da aka taɓa akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya. Jihohi irin su Kano da Legas suna da nasu hukumomin kare masu saye, kuma sun fi kusa da kai. FCCPC kuwa ita ce uwa, tana karɓar ƙorafi a kan kowane irin kaya da aiki, hedikwatarta na Abuja, tana da ofisoshi a wasu jihohi, kuma ana shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet.

Yadda za ka rubuta ƙorafin: gajere, shafi ɗaya ya isa. Sunanka da lambarka, sunan shago ko kamfani da adireshinsa ko sunan shafinsa, ranar ciniki, nawa ka biya, me aka ce maka kalma da kalma, me ka tarar, yaushe ka koma musu kuma me suka ce, sannan me kake nema. Ka liƙa rasit, shaidar tiransifa, hotunan hira, hoton kayan. Kar ka ba kowa asalin rasit ɗinka, kwafi za ka bayar. Ka karɓi lambar ƙorafi ko a buga maka hatimi a kwafinka, sannan ka riƙa bibiya duk sati ko sati biyu, domin ba zan ɓoye muku ba aikin hukuma yana da jan ƙafa, wanda ya ajiye takarda ya tafi ya kwanta sai a manta da shi. In ku da yawa ne mutum ɗaya ya cuta, ku haɗu ku shigar tare, ƙorafin mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba.

Kuma dokar tana da haƙora. Sashe na 155 ya ce mutumin da aka samu da laifin take haƙƙin mai saye zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun, kamfani kuwa tarar ba ta gaza naira miliyan 100 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Manya ma ba a ƙyale su ba, a 2024 FCCPC ta fito fili ta zargi Coca-Cola da NBC, kamfanin da ke ɗura lemonsu a kwalba a Najeriya, da rikita masu saye wajen bambance lemon asali da mai ƙarancin sukari a jikin kwalba.

Mataki na bakwai kotu. Doka ba ta ce dole sai ka jira hukuma ba, sashe na 146 ya bar maka ƙofar zuwa kotu kai tsaye. In kuɗin ba su da yawa ka tambayi kotun ƙananan ƙararraki a kotun majistare, akwai ta a Kano da Legas da wasu jihohi, an tsara ta ne don a gama da wuri kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron rikicin ciniki a jihohin da take. Amma in mutum ya karɓi kuɗi ne ya toshe layinka bai turo komai ba, wannan ya wuce siffanta kaya da ƙarya, damfara ce, ka sanar da bankinka a ranar, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC.

Sai gargaɗi ɗaya da nake so ku riƙe da kyau, maganar tona asiri a soshiyal midiya. Na san shi ne abu na farko da ke zuwa rai, a ɗora hotonta a rubuta ɓarauniya. Ku yi hattara. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet, shari'ar ta daɗe ana yi. In za ka rubuta, ka tsaya kan abin da kake da hujjarsa: na biya kaza, an ce min kaza, ga abin da ya zo, na nemi kuɗina an hana. Kar ka ce kayansu yana kashe mutane in ba ka da takardar gwaji, kar ka sa hoton iyalinsa ko adireshin gidansa, kar ka tura mutane su je su zage shi. Kuma ya fi kyau ka fara shigar da ƙorafi kafin ka yi rubutun.

'Yan uwana masu saida kaya, musamman mata masu sana'a daga gida da yanzu suka cika status, ku ma dokar nan ta hau kanku ko da ba ku da shago ko rajista. In kwaikwayo ce ki rubuta kwaikwayo ce, akwai masu sonta a haka don daidai aljihunsu take. Ki ɗauki hoton kayan da ke hannunki, ba wanda kika ɗauko a shafin wasu ba, kuma ki rage fitilar da ke canza kala. In gwanjo ne a ce gwanjo ne, in akwai ɗan tabo a nuna shi a hoton. Ke ma ki riƙa neman rasit daga wanda kike sara a wajensa da bayanin kayan a rubuce, domin ranar da aka dawo miki da kaya da shi za ki koma masa. Ita ƙanwar tawa daga baya mun samu wata ƙawarta da ta sayi shaddar a wajen matar kuma hirarsu tana nan inda ta rubuta mata "asali ce wallahi", da wannan muka je wajen mijin matar da wani dattijo a unguwarsu, aka zauna, ta karɓi sauran yadin da ba a wanke ba ta dawo da kuɗin, ta biya sau biyu cikin wata ɗaya.